Sanda a Ƙarƙashin Benci

A ɗakin jira na sashen gashin ƙashi, wani tsohon direba ya fito daga wurin likita yana murmushi, ya zauna ɗaura takalmi kusa da wata dattijuwa.

"Malam, ya jikin?" ta tambaye shi.

"Da sauƙi... kai, a'a! Maganar nan ce ta sa na kwana ina mafarkin tiyata."

"Kamar yaya?"

"Zuwan farko, duk inda likitar nan ta danna sai in ce da sauƙi. Da furfurata zan yi ihu gaban sa'ar 'yata? Shi ne aka fara zargin laka, har da maganar tiyata. Yau ta ce in yi shiru, fuskata za ta kalla. Ta ɗaga ƙafata, ta lanƙwasa. Tana danna ƙugu sai ga ni ina kiran Inna."

"Subhanallahi!"

"Alhamdulillahi dai. Ashe ba laka ba ce, tsoka ce ta ɗaure saboda zaman mota. Motsa jiki kawai, babu wuƙa."

Dattijuwar ta sauke ajiyar zuciya. "Ni tun daga gida nake gwada tafiya tsaf, kar su ce sai an yi aiki. Ɗana ma bai san ina ɗingishi ba."

"Wa ya kawo ki?"

"Shi ya matsa."

"To wallahi ya sani, Hajiya."

Aka kira ta. Ta miƙe kamar budurwa, sai kuma ta tsaya ta yi dariya.

"Malam, sandata na tura ƙarƙashin bencin nan. Miƙo min, in shiga da ɗingishina."