Ba Zan Kwance Masa Ba

A bencin asibiti, wata dattijuwa ta ƙura wa jaririn da ke kuka ido, takalmansa biyu haɗe da ƙarfe.

"'Yar nan, kwance masa mana. Wannan ai azaba ce."

"Da murɗaɗɗiyar ƙafa aka haife shi, Mama," in ji uwar. "Sai da ya sha ɗauri shida ta miƙe. In na cire, komawa za ta yi."

"To barci fa?"

"Ina ba shi maganin da likita ya rubuta, in rungume shi. Ya yi kukansa, wallahi ba zan kwance ba!"

"Ni kam zuciyata ba ta iya ba. Sati biyu na cire wa nawa."

"Yanzu yana tafiya?"

Dattijuwar ta gyara mayafinta.

"Sandar dogarawarsa na zo canja masa. Ta yi masa gajarta."