Kwalayen Malam Mai Rula

Assalamu alaikum. Shugaban jami'a, shugaban sashenmu na sadarwa, shugaban ɗakin karatu, wanda na roƙa a zaunar a sahun gaba, zai ji dalili, Uwargida, mamanmu, 'ya'yan marigayi, abokan aiki da ɗalibai, sannunmu da wannan rashi.

An ce in yi magana don ni na fi kowa daɗewa a hannun Malam Mai Rula. Shekara ashirin da biyu muna auna jarida tare. Ga wanda bai sani ba, aikinsa ke nan: duk lokacin zaɓe sai ya ɗora rula a kan labarin kowane ɗan takara, ya ga wa aka ba faɗin shafi, wa aka cusa a lungu kusa da tallan katifa. Sannan mu bi gida-gida muna tambayar mutane abin da ya sauya musu ra'ayi.

Ya kasance mai haƙuri da kowa, ban da wanda ya yi fifita da jarida. Ya kasance mai faɗin gaskiya har ta yi yawa. Wani ɗan takara ya taɓa kawo fastarsa ofis, ya ce, "Farfesa, me zan gyara?" Malam ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Fasta ba ta da laifi, ranka ya daɗe. Matsalar ita ce 'yan unguwarku sun san ka." Ya kasance kuma ba ya yar da takarda, ko ƙwaya ɗaya. To nan maganata take.

Kwali ɗari biyu da goma sha ɗaya ya bari a falon Uwargida. Rabon mama da ganin tagar falon tun auta na rarrafe, ga auta can da gemunsa. Rufi yana yoyo, mai sayen tsofaffin takardu kuma har ya zo da sikelinsa. Mama ta ce mini, "Ɗana, ko jami'a ta kwashe su kafin Asabar, ko a ƙunsa kaya da su a kasuwa." Ba ta yi laifi ba. Amma wallahi ba zan iya bari a sayar ba, don labaran zaɓe bakwai ne a jere, kuma babu inda suke sai cikin kwalayen nan.

Sau uku na rubuta wa shugaban ɗakin karatu, sau uku ya ce babu wuri. Sai na tuna abin da Malam ya gano bayan duk wahalar nan: wasiƙa ba ta juya mutum, haka fasta, haka lasifika. Abin da ke juya shi, wanda yake jin nauyinsa ya roƙe shi ido da ido a gaban jama'a. Shafi na casa'in ne a littafin da Malam ya rubuta, yallaɓai. Littafin yana ɗakin karatunka, ba a taɓa aronsa ba.

Don haka, mama, ɗan miƙe. Yallaɓai, ga matar marigayi, ga marayu, ga shugaban jami'a yana kallonka ta saman tabarau. Za ka karɓi kwalayen?

Jama'a, kun ga ya gyaɗa kai? Kun shaida? Alhamdu lillahi! Kada ka damu da mota, yallaɓai, tana waje, tun safe muka yi lodi.

Sai dai ɗari biyu da goma za ka samu. Muna cikin lodi mama ta dafa na bakin ƙofa, ta ce a bar mata shi. Na ce, "Haba mama, wannan da kullum kike tuntuɓe da shi?" Ta ce, "Shi ɗin. In na yi tuntuɓe na fara faɗa, daga cikin ɗaki Malam kan ce in taka a hankali. Bar shi nan, ban gama faɗan ba."

Mun bar shi, mama.

Muna godiya ga duk wanda ya zo. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata makwancinsa, Ya ba iyalinsa da mu haƙurin rashinsa. Amin.