Kwana Arba'in Na Shiru A Jamhuriyar Tsauni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwanmu Kirista, salama a gare ku, barkanku da yamma.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma Shugaban Jamhuriyar Tsauni, Alhaji Badaru, wanda ranar Litinin zai koma ofishinsa na gwamnati ya ci gaba da zama mataimakin darakta kamar yadda Allah ya yi shi. Mai girma Kakakin Majalisa, Madam Prudence, wadda ta rufe shagon ɗinkinta a nan Karu da rana tsaka don ta zo ta zauna da mu. Mai girma Babban Jojin Ƙasa, Oga Thaddeus, mai gadin sito a Idu, wanda ba a taɓa soke hukuncinsa ba saboda ba mu da wata kotu sama da shi. 'Yan'uwana ministoci, mu goma sha huɗu. Masu girma sanatoci, su goma sha ɗaya. Sai talakawan Jamhuriya, su uku, waɗanda nake roƙon kada su tashi gaba ɗaya su tafi shan ruwa, don kada mu rasa wanda za mu mulka. Baƙinmu da aka gayyato, da waɗanda inuwa kawai ta kawo su wannan lambu, ina gaishe ku duka, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu ido da ido, bayan shekaru muna faɗa da juna a waya ba mu san fuskokin juna ba. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni lasifika, duk da ya san halina. Ina godiya ga mai lambu da ya ara mana kujeru. Ina kuma godiya ga uwargidana, wadda shekara uku ke nan ana ce mata matar minista, har yau ba ta ga ko motar rakiya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hadi Yelwa. Direba ne ni a wani gida a Maitama, uban 'ya'ya biyar. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, kuma ba makarantar ce ta gaji ba, ni ne. A cikin wasa kuwa, ni ne Ministan Karɓar Baƙi.

Baƙinmu, bari in yi muku bayani a taƙaice, don na ga wasunku suna kallonmu kamar waɗanda suka sha wani abu. Wasa ne na siyasa a intanet. Mutane suna haɗuwa su kafa ƙasa ta ƙarya, su yi zaɓe, su yi dokoki, su yi gardama a majalisa, su ƙulla zumunci ko gaba da ƙasashen wasu 'yan wasan. Tamu ita ce Jamhuriyar Tsauni. Ba ta da ƙasa ko taku ɗaya, ba ta da rijiyar mai, ba wanda ya taɓa samun ko goro a cikinta. Amma a cikinta ne na taɓa miƙewa na ce wa mataimakin darakta bai yi daidai ba, ya ce mini, "Gaskiyarka, mai girma minista." Wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe wa mutane ƙofar mota ya san daɗin wannan magana.

To, ga abin da ya tara mu. Masu wasan sun sanar cewa duk ƙasar da ba ta da mutum arba'in masu shiga a kai a kai zuwa ƙarshen wannan wata, za a rufe ta a haɗe ta da maƙwabciyarta. Mu talatin da ɗaya ne. Saura kwana goma sha tara. In ba mu samu mutum tara da za su shigo kuma su zauna ba, tutarmu ta tafi, dokokinmu sun tafi, mu koma 'yan ci-rani a Tarayyar Bakin Ruwa, mutanen da muka yi shekara uku muna yi musu dariya.

Magana ta farko: jama'a, mutane suna zuwa. Na ji wasu sun ce a buga takardun talla, wasu sun ce a watsa saƙo a kowane zauren waya da muke ciki. Ba laifi, a yi. Amma ni ne mai tsaron ƙofa, ni na san abin da na gani. Daga bara zuwa yau kaɗai mutum sittin da huɗu suka shigo ƙasar nan da ƙafarsu, ba wanda ya roƙe su. Uku suka zauna, ga su can, su ne talakawanmu, Allah ya ƙara musu haƙuri. Sittin da ɗaya suka juya. Ba kira muka kasa ba. Riƙewa muka kasa.

Magana ta biyu ita ce dalili, kuma duk mun san shi, kunya ce kawai take hana mu faɗa. Muna da doka cewa sabon shiga ba ya magana a majalisa sai ya cika kwana arba'in. Ba zan zagi dokar nan ba, domin ina nan aka yi ta. A shekararmu ta farko 'yan Bakin Ruwa suka turo mana mutanen bogi ashirin, suka yi zaɓe a yini ɗaya, suka kusa tsige Alhaji Badaru. Tsoro ya kama mu, muka yi doka. Tsoron gaskiya ne. Amma ku duba abin da muka ɗora a kansa. Muka ƙirƙiro fom mai tambaya ashirin da biyu. Muka ce a kawo mutum biyu da za su tsaya wa baƙo. Muka kafa kwamitin tantancewa, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin kwamitin bai taɓa zama ba saboda shugabansa ya tafi kwas. Sannan muka sa zaman majalisa ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Litinin zuwa Alhamis. Me ya sa? Ba zan faɗa ba, akwai ma'aikatan gwamnati a nan. Ni dai na san a lokacin nan ina zaune a mota ina jiran oga, su kuma ban san abin da suke jira ba.

Jama'a, an ba mu fili fetal, aka ce ku gina irin ƙasar da kuke so. Ba wanda ya tilasta mana komai. Muka zauna, muka yi tunani mai zurfi, muka gina ma'aikatar gwamnati.

Magana ta uku labari ce, kuma ni ne mai laifi a ciki, shi ya sa zan ba da shi da kaina kafin wani ya ba da shi da ƙari.

Watan da ya wuce wani baƙo ya shigo da sunan Ruwan Safe. Kun san a wasa kowa da sunan da ya zaɓa wa kansa. Kwanansa biyu kacal, sai ga saƙonsa a tsakiyar majalisa. Ban karanta ba. Na ga dai sabon suna, na goge, na tura masa amsar da muke tura wa kowa: "An ga saƙonka. Sabon shiga ba ya magana sai ya cika kwana arba'in. A cike fom, a dawo gobe." Washegari ya sake turo saƙon. Na sake gogewa, har na ƙara masa da nasiha cewa a ƙasar nan ana girmama na gaba. Rana ta uku na duba, ya fita.

Ranar Lahadi muna cin abincin rana a gida, ina ta cika baki, ina ba iyalina labarin yadda na gyara wa wani marar kunya zama. Babbar 'yata Nazeefa, wadda ta gama jami'a bana, ta ajiye cokali ta ce, "Baba, ka karanta abin da ya rubuta?"

Na ce, "Me zan karanta? Kwanansa biyu fa!"

Ta ce, "Cewa ya yi a mayar da zaman majalisa ranar Asabar da yamma, domin ɗalibai da 'yan kasuwa da masu aikin asibiti ba su da sukuni ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Layi biyar ne kawai, har da gaisuwa."

Na ce, "Ke ina kika sani?"

Uwarta ta ce, "Mai girma minista, ci tuwonka, yau ka kama ɓarawo a cikin gidanka."

Nazeefa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ni ce Ruwan Safe. Shekara uku ina ganinka kana dariya kai kaɗai da waya a hannu, irin dariyar da ba ka yi da mu. Na ce bari in je in ga ƙasar da take faranta maka rai haka. A gida ka koya mini in yi shiru in manya suna magana, na yi. Ban san har can ma za ka biyo ni ka ce in yi shiru ba."

Jama'a, ni mutum ne mai amsa. Ɗan sanda ya tare ni ina da amsa, oga ya yi faɗa ina da amsa, ko mai haƙori yana cire mini haƙori sai na yi masa magana. Ran nan na buɗe baki, babu komai a ciki sai tuwo.

Tun daga ranar nake tunani a kan abu ɗaya. Ba wanda ya san zafin "a dawo gobe" kamar direba. Na kai fayil ofis an ce in dawo gobe. Na raka mahaifiyata neman takarda an ce mu dawo gobe. Na tsaya a bakin ƙofofi da yawa a garin nan, ina kallon mai ƙaramar kujera yana jin daɗin tsayar da ni, ina cewa a raina, wallahi da ni ne a wurin nan ba zan yi haka ba. Sai Allah ya ba ni kujera. Ta ƙarya ma, wadda ba a zama a kanta. Kalmar farko da ta fito daga bakina ita ce a dawo gobe. Kuma ba sau ɗaya na faɗe ta ba, sau sittin da ɗaya. Guda ɗaya ce kawai ta faɗa a kan wadda za ta iya kallon idona a kan faranti. Sauran sittin ɗin, su ma 'ya'yan wasu ne, su ma da abin da suka zo da shi, sun tafi ban san ko mene ne ba.

Don haka ga roƙona ga majalisa, kuma Oga Thaddeus, na ga kana girgiza kai, ka bari in gama. Na san tsoronka, mutanen bogi ba su ƙare ba. To, a riƙe ƙuri'a. Baƙo ya yi kwana bakwai kafin ya jefa ƙuri'a, ban ƙi ba. Amma a sake masa baki tun ranar farko. Mutumin bogi ƙuri'a yake nema, ba ruwansa da hira. Mutumin kirki kuwa, wanda ya shigo don ya ga ko akwai mai saurarensa, kwana arba'in ɗin nan ba gwaji ba ne a wurinsa, sallama ce.

A rage fom ɗin nan ya koma tambaya biyu: yaya za mu kira ka, kuma me kake so a gyara? Duk wanda ya shigo, a samu mutum ɗaya a cikinmu, mai suna, ba kwamiti ba, ya gaishe shi a ranar, da Hausa ko da Turanci ko da Turancin buroka, duk wanda ya fi yi masa sauƙi. A mayar da zama ranar Asabar da yamma. Wannan ba shawarata ba ce, kun ji mai ita. Sannan kowannenmu ya nemi ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi, sunayensu suna wurina, ya ce masa mun yi kuskure. Kada a ce masa ƙasa tana bukatar mutum tara. Ba wanda yake so a kira shi don a cike lamba.

Na ƙarshe shi ne mai ɗaci. Ƙasa mai masu muƙami ashirin da takwas da talaka uku, me za ta ce wa sabon shiga? Zo ka yi mana tafi? Dole wasunmu su tashi. Ba zan nuna kowa ba, tunda ban iya nuna mutum ina zaune a kan tawa ba. Mai girma shugaba, daga wannan lokaci na sauka daga muƙamin Ministan Karɓar Baƙi. A ba wanda bai manta yadda tsayuwa a bakin ƙofa take ba. Talakawa, ku matsa, kun zama huɗu.

Kuma na yanke wa kaina hukunci, Babban Joji ya shaida. Zan riƙa shiga kullum don a ƙidaya da ni, zan jefa ƙuri'a in an zo zaɓe, amma ba zan ce uffan a majalisa ba har kwana arba'in. Ina so in ɗanɗana abin da na shayar da mutane. Uwargidana ta tambaya ko hukuncin zai haɗa da gida, na ce mata wannan sai an kafa kwamiti.

Ruwan Safe ba ta ce za ta dawo ba. Ta dai yarda ta zo ta ji abin da zan faɗa, da sharaɗin kada in nuna ta, kuma ba zan nuna ta ba. In kun ga ina yawan kallon gindin mangwaron can, son mangwaro ne kawai. Amma ina roƙon shugaba alfarma ɗaya. A al'adarmu, in minista ya gama, lasifika wurin shugaba take komawa. Yau a bar ta ta tafi layin baya, wurin waɗanda ba su cika fom ba. In an karɓa, alhamdulillahi. In ba a karɓa ba, mu zauna mu jira, mu ma mu ji yadda jira yake.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya raya mana Jamhuriyar Tsauni in rayuwarta alheri ce, ya zaunar da ƙasarmu ta gaske lafiya. Allah ya ba masu kujera, babba da ƙarama, kunnen sauraro. Allah ya shirya mana 'ya'yanmu, ya shirya musu mu. Ya mayar da kowa gidansa lafiya, na Karu da na Idu da na Maitama da na nesa.

Nazeefa, Ruwan Safe, ba gobe ba, yau. Ni na yi shiru.

Na gode.