Matata Ma Ta Rufe Iyaka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sani mai walda daga Ƙofar Sauri.

Ranar da gwamnati ta rufe iyakarmu da Nijar, na cika baki a tsakar gida: "Najeriya babbar yaya ce, dole ta hora ƙannenta!" Na manta matata Hadiza 'yar Maraɗi ce.

Ta ce, "To babban yaya, ni ma na rufe kicin." Yau kwana shida ina shan garin kwaki.

Mahaifinta kaɗai take jin maganarsa. Na buga masa waya, ya ce sai na zo da ƙafata.

Don Allah masu sauraro, wa ya san ɓarauniyar hanya zuwa Maraɗi?