Wayata Ta Tafi Maraɗi, Barcina Ya Dawo

Assalamu alaikum Malama, sannu da aiki. Ni ne Lawali, ɗan kamasho a tashar motar Magama, bakin iyakar Jibiya.

Idona ya dame ni da zogi, barci ya gagara. Wani mai talla ya sayar mini da tabarau, wai yana tare hasken waya. Sai na saki jiki na ƙara kallo, ciwo ya ƙaru.

Rannan na mance wayar a motar Maraɗi. A kwana ukun da ta yi can, wallahi har munshari na yi, ido ya huce, tabarau kuwa yana aljihu.

Yanzu na ƙudiri aniya: daga isha'i waya sai akwatin maiɗakina, makulli a hannunta. Ku tambayar mini likita: tabarau ɗin nan magani ne, ko ado na saya?