Bangon da Ya Ciji Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugabar ƙungiyarmu Hajiya Kellu, Mai Unguwa, Malam Liman, iyayena mata, maƙwabta, da ku 'yan uwana na Gaffati da kuka taso tun da safe, ina gaishe ku, ina ƙara gaishe ku, na gode da wannan zuwa taya ni murnar gida. Ni Ummul Khairi ban yi nisa a lekwal, makarantar boko, ba, in bakina ya yi tuntuɓe ku yi haƙuri, murna ce ta yi mini yawa.

Jama'a, shekara goma sha bakwai ina gidan haya. Bara Allah ya ba ni wannan tsohon gidan ƙasa a Birni, gidana na farko. Burina guda ne, in ɗauko Innata Barira daga ƙauyenmu Gaffati ta huta ƙarƙashin bantilatar, wato fanka, don zafin bazara na kwantar da ita.

Ranar da ta zo, ta ce ɗakin mace ba ya kyau in ba jere. Da hannunta ta kafa ƙusa a bango ta rataye tasoshi. Tana taɓa babbar tasa, kuran, wutar lantarki, ya fizge ta. Allah ya kiyaye, amma ko ruwa ba ta sha ba ta ƙulle kayanta ta koma ƙauye, wai ita ba ta kwana a gidan da bangonsa ke cizo.

Sai na kira Malam Suma'ila mai aikin lantarki, ga shi can yana ɓoye fuska. To ga abin da na koya, ku riƙe.

Na farko, masu gidan na da, duk shekara kafin damina sai su yi yaɓe bisa wayoyin, yaɓe kan yaɓe, har ba wanda ya san inda suka bi. Ƙusar Inna cikin waya ta shiga. 'Yan uwana mata, in kun shiga tsohon gida, kar ku kafa ko allura sai an duba muku.

Na biyu, ya ce in faɗi abin da zan jona yau, da wanda nake mafarki. Na ce firigo na ƙanƙara, keken ɗinkin ɗiyata Hasana, tele, har injin markaɗe. Ya ce Hajiya, gida kika saya ko kasuwa? Amma duk ya rubuta, ya zaɓi waya daidai nauyinsu.

Na uku, ya yanke tsofaffin wayoyin tun daga kontar, wato mitar wuta, ya bi da sababbi cikin farin bututu ta gefen azara, a fili. Na ce ai zai ɓata ɗaki. Ya ce in ina ganin waya, ba zan sake soke ta ba. Na bar shi ya yi aikinsa.

Sau uku ina zuwa Gaffati biko. Yau da safe ta yarda, da sharaɗin a rataye wannan tasar. Da muciya ta fara zungurarta, sannan da ɗan yatsa, sannan ta dafa da hannu biyu. Ta ɗaga kai ta dubi bantilatar, ta ce:

"To ke, ina sauran ƙusoshin? Jeren nan bai cika ba."

Ga ta nan zaune, jama'a, kayanta na ciki!

Allah ya saka muku, ya ba kowace mai haya nata gida, ya tsare mana yaranmu daga wuta, ya maida kowa gida lafiya.

Na gode.