Ni Ce Tafintar Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Falmata ce daga Diffa.

Tun da muka gudo daga Bosso, mahaifiyata ba ta cin abincin kirki, ba ta hira da kowa. Satin da ya wuce na kai ta asibiti, aka tura mu wurin wata mata mai sauraron masu damuwa. Na zaci allura za a yi mata, ashe zama ake yi a yi magana.

Matar ba ta jin Kanuri, Inna kuma ba ta jin Hausa, sai na zama tafinta. Da aka tambayi Inna abin da ke cin ranta, sai ta faɗi yadda aka yanka yayana Bukar a gonar tattasai, a kan idonta. Mu kuwa a da ce mana ta yi ruwa ne ya ci shi. Da bakina na maimaita wannan da Hausa, ina kuka.

Ran Talata za mu koma. Na ce, "Inna, a nemo wani tafinta." Ta ce, "In ba ke ba, ba zan buɗe baki ba."

Jama'a, ina so ta warke, amma ba zan iya jin sauran ba. Don Allah, yaya zan yi?